Bargon Aurena Yana Warin Kyanwa

Jama'a, ku yi haƙuri da ni yau, kaina ba ɗaya yake ba. Masu turo min saƙo kuna cewa "Tansy, ki auri Harlan ki huta", na gan ku. Masu cewa "ki bi maganar mahaifiyarki", ku ma na gan ku. Duk ku gyara zama ku ji abin da ya faru ranar Lahadi, sannan mai sauran shawara ya ba ni, don ni dai tawa ta ƙare.

Ga waɗanda yanzu suka shigo. Kakata Odessa ta rasu bara, ta bar gidanta na can saman kwari. Yayana Colby ya ce shi zai zauna ya riƙa kula da gidan, muka yi ta sa masa albarka. Ashe ƙwaya yake dafawa a ɗakin ɗinkin Kaka, irin mugun abin nan da ya cinye rabin samarin wannan yanki namu na Tennessee. 'Yan sanda suka tafi da shi, yanzu haka yana gidan yari. Sai duba-gari na gunduma suka zo suka manna jar takarda a ƙofa: ba mai shiga, ba mai fita da ko cokali, sai an wanke gidan an gwada an ce ya tsarkaka. Kamfanin da aka ba aikin wankin kuwa, a can Harlan yake aiki. E, Harlan nawa, wanda ya shekara yana nemana.

Dokar tasu mai sauƙi ce, amma zafi ne da ita. Abu mai tauri, irin su tukunya da gilashi da ƙarfe, ana wankewa a gwada a mayar wa masu shi. Duk abin da yake tsotsar hayaƙi kuwa, katifa, labule, kafet, kushin, tufafi, sai bola. Kuma kafin a jefa sai an keta shi da wuƙa, don kada wani ya bi bayansu ya tsince ya kai wa 'ya'yansa.

To a cikin gidan nan bargon aurena yake.

Kaka takan ɗinka wa kowace jika mace bargo da hannunta, ta harhaɗa ƙyallaye daga tsofaffin kayan dangi. A nawa akwai rigar aikin Kakanmu, mijinta, ta ramin kwal, akwai farar rigar da aka yi min baftisma da ita, akwai gefen rigar auren Mama, har da wandon barcin Colby mai zanen jirage na lokacin yana yaro. A gidanmu ba a taɓa kai amarya ba bargonta ba. Yayata Marlee da nata aka kai ta, auren kuma ya mutu duk da haka, amma wannan ba a faɗa a gaban Mama.

Ranar Juma'a ina kicin ina ɓare wake, Mama ta shigo ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Yaron nan naki, yaushe za su fara kwashe ɗakin ɗinki?"

"Ya ce sati mai zuwa, Mama."

"To ki ce ya fito miki da bargonki."

"Mama, doka fa..."

"Doka ta ci gidansu! Ita dokar ce ta zauna ta ɗinka shi da ciwon yatsu? A cikin akwatin katako yake, a rufe ruf, ko ƙwaro ba ya shiga. Ya cusa shi a ƙasan kujerar motarsa, wa zai sani?"

"Za a karɓe masa lasisi."

"Au, lasisinsa kike ji? To ki auri lasisin. Namijin da ba zai iya ɗauko miki bargo ba, ranar da kika kwanta ciwo me zai ɗauko miki?"

Ta juya ta fita. Na bi bayanta da harara, wadda ba zan iya yi a gabanta ba. Amma ku ji gaskiya, maganar ta zauna min a ƙirji. Ina son bargon nan. Ina sonsa tun ina 'yar ƙarama ina zare wa Kaka allura. Na goge hannu na ɗauki waya.

Na rubuta: "Masoyi, in na roƙe ka abu za ka yi min?"

Ya amsa: "In dai ba bargon ba ne."

Kun ji mutum. Ko ya bari in yi shimfiɗa.

"A cikin akwati fa yake, a rufe. Mama ta ce ba abin da ya taɓa shi."

Ya fara rubutu, ya goge. Ya sake farawa, ya sake gogewa. Ina kallon ɗige-ɗigen nan suna rawa har wake ya bushe a hannuna.

"Tansy, ba zai yiwu ba. Ki bar maganar, don Allah. Zan zo cin abinci Lahadi, ina da abin da zan ba ki mamaki da shi."

Na tura masa: "Ka riƙe mamakinka." Na kife wayar. Bayan ɗan lokaci na ɗaga na duba ko ya lallashe ni. Hoton kyanwa mai kuka ya turo, shi ke nan. Harlan ke nan, magana a wurinsa kamar ana sayar masa da ita.

Asabar Mama ta ce za ta kai fure kabarin Kaka, ba ta son rakiya. Ta daɗe. Da ta dawo ta shige ɗakin wanki ta rufo ƙofa, injin ya yi ta gurnani har la'asar. Ban kawo komai a raina ba, Mama in ranta ya ɓaci wanki take yi.

Lahadi muka dawo daga coci. Ina sanye da shuɗiyar rigata mai ƙananan furanni, wadda Harlan ya taɓa cewa tana da kyau, da farin takalmin da yake cin diddigena. Na tura ƙofar ɗakina zan cire takalmin, sai na tsaya cak.

Bargon ne shimfiɗe a kan gadona.

Wayyo Allah. Na durƙusa a gefen gado na kifa fuskata a kai na yi kuka mai isata. Ga jiragen Colby, ga farar rigata, ga ɗinkin Kaka ƙanana-ƙanana a jere. Da na ɗago, Mama tana bakin ƙofa tana murmushi.

"Mama, wa ya kawo?"

"Ina ruwanki? Ya dawo gida, ki gode Allah."

Nan take zuciyata ta ba ni amsa: mamakin Harlan ke nan! Ashe jan aji yake yi min ranar Juma'a. Daɗi ya kama ni, tsoro kuma ya biyo baya. In da gaske ya karya doka saboda ni, to ya so ni ba kaɗan ba. In kuwa ya karya, to wane ne wannan mutumin? Harlan da na sani ko rungumata ba ya yi in ya taso daga aiki sai ya yi wanka ya sake wanka. Na rasa murna zan yi ko faɗa. Na tura masa zuciya ja guda uku, na ƙara da "Na gani. Na gode." Ya maido min da alamar tambaya. Na ce a raina, ji ɗan duniya, har yanzu wasa yake.

Sai ga Inna Faye, ƙanwar Mama, ta shigo da tiren soyayyar kaza, da Yaya Marlee riƙe da 'yarta Juni, wadda ba ta cika shekara biyu ba. Inna Faye na ganin bargon ta rangaɗa ihu.

"A kamo kyanwa! Yau sai an girgiza!"

Al'adar matan kwarinmu ce. In bargon aure ya shigo gida, mata huɗu su riƙe kusurwoyinsa, a ɗora kyanwa a tsakiya a yi ta girgizawa. Wadda kyanwar ta yi tsalle ta wajenta, ita ce amaryar gaba. Aka kamo Gwamna, ƙaton muzurun Mama mai baƙin hali, daga ƙarƙashin kujera. Muka ja bargon a falo, ni da Mama da Inna Faye da Marlee.

"Ni dai kada ya kuskura ya nufo ni," in ji Marlee. "Na ɗanɗana, na ƙoshi."

"Ni ya nufo," in ji Inna Faye. "Na gaji da kawunku, sabo nake so."

Ina riƙe da kusurwata sai na ji yatsana ya shige wani ɗan rami a jikin yadin. Na ce asu ne ya ci, na gyara riƙo. Muka girgiza, Gwamna ya yi ta ƙara yana ƙanƙame ƙyalle, can ya daka tsalle ya dira a kafaɗata ya yakushe min wuya ya arce. Falo ya kaure da shewa. Rabon da in ga Mama tana dariya har da hawaye tun kafin a kama Colby.

Ina ninke bargon na ji warin. Ba mai ƙarfi ba, can ƙasa da ƙamshin sabulu, wani ɗan zarni mai hawa hanci.

"Mama, ba kya jin wari?"

"Gwamna ne ya tsorata ya saki fitsari. Sai ka ce yau kika san shi."

Na sake shinshinawa. Fitsarin kyanwa ne sak. Amma Harlan ya sha gaya min cewa gidan da aka dafa ƙwaya warin fitsarin kyanwa yake yi, ta haka ma maƙwabta suke ganewa. To yanzu wannan na Gwamna ne ko na Colby? Na shafa yadin, ban ji danshi ba. Na ce ƙila ya bushe. Na ce ai Harlan ba zai kawo min abin da zai cuce ni ba, ƙila ya gwada ya ga lafiya lau. Na ce, na ce, har kaina ya fara ciwo, kuma ban san ko ciwon kan na tunani ne ko na warin ba.

Juni ta fara rigimar barci. Mama ta karɓi bargon daga hannuna ta shimfiɗa a kan doguwar kujera ta kwantar da ita a kai.

"Ta sha albarkar kakar uwarta," in ji ta.

Muna jera abinci, kaza da wake da burodin masara da shayi mai ƙanƙara, a-kori-kurar Harlan ta tsaya a waje. Ya shigo cikin kwat ruwan toka da ta matse masa kafaɗa, jan gemunsa a taje, fure a hannu. Aljihun kwat ɗin ya yi tudu. Marlee ta zungure ni da gwiwar hannu, "Akwatin zobe ne, na rantse." To in zobe ne mamakin, bargon fa?

"Barka da rana, ranki ya daɗe," ya ce wa Mama, ya miƙa mata furen.

Juni ta yi tari a cikin barci. Ya juya wajen kujera. Na ga fuskarsa ta sauya, jinin ya janye daga kunnuwansa. Ya taka ya sunkuci yarinyar ya miƙa wa Marlee.

"Yaya Marlee, fita da ita baranda. Ki cire mata kayan nan, ki wanke mata jiki da hannu da fuska. Kina da abin shaƙarta na asma a jaka?"

"Lafiya?"

"Ki fita da ita tukuna."

Sannan ya dube ni. "Tansy, wa ya shiga gidan?"

"Ba kai ka kawo ba?"

"Ni?"

Muka juya gaba ɗaya muka kalli Mama. Tana tsaye da fure a hannu, ta ɗaga haɓa.

"Gidan uwata ne. A cikinsa aka haife ni. Ba takardar da za ta hana ni shiga. A akwati na ɗauko shi, a rufe, kuma na wanke shi tas."

"A wane inji, ranki ya daɗe?"

"A nawa mana, a na wa?"

Harlan ya dafe goshi. Ya ciro waya, ya nemo wani hoto, ya miƙo min. "Ban so ki gani ba. Shi ya sa na ce ki bar maganar. Ranar farko da muka shiga na ɗauka."

Ɗakin ɗinkin Kaka ne a hoton. Keken ɗinkinta an tura shi gefe, tebur cike da kwalabe da robobi, bango ya yi rawaya-rawaya. A jikin taga kuwa, an kafe bargona da ƙusa, ya rufe ta daga sama har ƙasa. Da shi Colby ya toshe tagar don kada haske ko wari ya fita. Wata da watanni yana shan hayaƙin nan.

Na je na ɗaga kusurwar da na riƙe ɗazu. Ramin yana nan, gefensa da jan tsatsa. Na duba sauran kusurwoyin, kowace da nata.

"Mama," na ce, "a taga kika same shi."

Inna Faye ta zauna daɓas a kan kujera.

"Da hannuna na ciro ƙusoshin," in ji Mama a hankali. "Da hannuna. Kin san abin da na ji? Ɗan da na haifa ne ya buga su." Sai muryarta ta tashi. "Uwata ta tafi, ɗana yana kurkuku, gidanmu an manna masa jar takarda kowa yana wucewa yana nunawa. Wannan kaɗai ya rage mai hannunta a jiki, shi ma in bari a yaga a zuba a bola da katifun ɓeraye? Na wanke shi! Sau nawa kuke so in wanke?"

"Ba ya fita, ranki ya daɗe," in ji Harlan. "Audugar ciki ta riga ta sha. Da yana fita, da ni zan fara wanke shi."

"Kai ka yi min shiru. Ba da kai nake ba."

"Dole in tafi da shi. Kuma gobe dole in gaya wa duba-gari, su zo su gwada injin da gadon da kujerar nan."

"Nan gidan? Ka kawo min jar takarda nan ma?"

"Ba lallai ta kai ga haka ba. Amma ba zan ɓoye ba."

Mama ta ajiye furen a kan tebur, kusa da kaza. "Tansy, kin ji wanda kika kawo min. In ya sa wa bargon nan wuƙa, kada ya sake taka min tsakar gida, ko da rai ko ba rai."

Daga baranda ina jin Juni tana tari, Marlee tana lallashinta cikin kuka. Na kalli Mama, na ji tausayinta kamar in mutu, na kuma ji haushinta kamar in fasa ihu. Na kalli Harlan, na ji haushinsa shi ma, don me ba zai yi ƙarya ko sau ɗaya ba? Kuma don bai yi ɗin ba nake sonsa. Ku gaya min, wannan wane irin kai ne?

Harlan ya fita mota ya dawo da baƙar leda mai kauri da safar hannu. Ya fara sawa.

"Ba ni," na ce.

"Tansy, bari ni..."

"Ka ji abin da ta ce. In kai ka yanka, har abada ba za ta dube ka ba. Ni 'yarta ce. Ba ni."

Na sa safar, ta yi min yawa, shi kuma ya ɗauko wata ya sa. Na buɗe durowar Mama na ɗauko babban almakashin Kaka mai baƙin mariƙi, wanda da shi aka yanka kowane ƙyalle na jikin bargon. Na kwashe bargon na fita da shi tsakar gida na shimfiɗa a kan ciyawa, na durƙusa da rigar cocina.

Ban san kaurinsa ba sai ranar. Almakashin ya yi ta cijewa. Na bi ta kan rigar Kakanmu, na bi ta kan rigar auren Mama. Da na zo kan jiragen Colby sai da na tsaya na share hanci da kafaɗa. Audugar ciki ta fito rawaya, warin ya bugo ni sosai, yanzu kam ba mai cewa Gwamna ne. Harlan yana riƙe da bakin leda, gemunsa ya jiƙe da hawaye.

Mama tana tsaye a bakin ƙofa har na gama. Ban ga hawaye a fuskarta ba. Da na jefa guntun ƙarshe, ta koma ciki ta turo ƙofa. Na ji ƙarar sakata.

Harlan ya ɗaure ledar. Ya cire safarsa, ya laluba aljihu ya fito da ɗan akwatin, ya tsaya yana juya shi a hannu.

"Ba haka na tsara ba," ya ce.

"To ni na tsara?"

"Ki riƙe. Duk ranar da kika shirya, ki buɗe."

Wayata ta yi ƙara a aljihun rigata. Mama ce, daga bayan ƙofar da ba ta fi taku kaɗan da ni ba.

"Ki dawo min da almakashin uwata. Ki ajiye a bakin ƙofa. Kada ki ƙwanƙwasa."

Na nuna wa Harlan. Ya karanta ya sake karantawa, sai ya ce, "Ƙarfe ne, yana wankuwa." Na rantse da ba don hannuna na cikin safa ba, da na mare shi, ko in rungume shi, ban san wanne ba.

A gidan Inna Faye nake rubuta muku wannan. Juni ta warware, likita ya ce a sa mata ido. Duba-gari sun je sun shafi injin Mama da kujerarta sun tafi da abin gwajinsu, ba su ce komai ba tukuna. Inna Faye ta ce Mama ta ba su shayi, ta kuma tambaye su ko sun ci abinci, amma sunana bai fito daga bakinta ba. Almakashin yana nan a cinyata, an wanke shi yana ƙyalli, na kasa kai shi, don na san in na je ƙofar nan sai na ƙwanƙwasa. Akwatin zoben yana kan durowa, ban buɗe ba.

Ɗazu na ɗan kishingiɗa, na ja bargon Inna Faye na kanti, mai laushi, mai ƙamshin sabulu, wanda ba abin da ya taɓa shi. Sai na kama kaina na tura hanci a ciki ina shinshinawa, ina neman warin nan.